A Kwashe Tsofaffin Bayanan Asibiti Tun Ruwa Bai Sake Zuwa Ba

Ran 10 ga watan Satumba na 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri, bai kuma ƙyale Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba. An yi ta lissafin hasarar gine-gine da injuna masu tsada, kuma daidai ne a yi. Amma akwai wata dukiya wadda ba a cika sa ta cikin lissafi ba, watau tarihin majiyyata: katin asibiti da littafin awon ciki da rajistar rigakafi. Inji in ya lalace kuɗi na sayo wani. Takardar da ta nuna maganin da ya taɓa yi wa mutum illa kuwa, in ta jiƙe ta tafi ke nan. Jihar Barno ta daɗe da sanin irin wannan ciwo, domin a ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa rikicin Boko Haram ya rushe kashi ɗaya cikin uku na asibitoci da ɗakunan shan magani fiye da 700 da ke jihar.

Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai da gaske. Ga mutum yana sana'a a Agege ta Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, yana fama da hawan jini, alhali katinsa na Maiduguri. Ranar da ciwo ya tashi sai sabon kati, sabon gwaji, sabon kuɗi. Matarsa ta fara awo a Ikko, ta koma gida goyon ciki, ungozoma ba ta san abin da aka gani a can ba.

Wasu na zaton da zarar an sayi kwamfuta magana ta ƙare. Ba haka ba ne, kuma Nijeriya ta riga ta ga misali. Tsarin tattara alƙaluman lafiya da ake kira DHIS, wanda aka fara a Afirka ta Kudu, da farko a kan Microsoft Access aka gina shi. Kowace kwamfuta na riƙe da nata rumbun bayanai, sai an kwafa an aika sama, in kuwa ta ƙone aikin shekaru ya bi ta. Daga baya Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta jagoranci sake gina shi a matsayin DHIS2, wanda aka fara aiki da shi a jihar Kerala ta Indiya a 2006, rumbu guda wanda ake shiga ta intanet. A 2013 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince ya zama ma'ajiyar alƙaluman lafiya ta Nijeriya baki ɗaya. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, ma'ana an bar asirin gininta a fili, kowa na iya dubawa ya gyara ba tare da biyan lasisi ba.

Amfanin wannan ƙaura a bayyane yake. Tsohon rumbu kamar gidan gado ne da kowane magaji ya ƙara ɗaki inda ya ga dama, mai son gyara sai ya ɓata watanni yana laluben ƙofofi. In aka kwashe bayanai zuwa tsari guda wanda kowa ya san fasalinsa, yaron da ya gama Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Fasaha ta Ramat na iya gina manhajar ɗakin magani a kansa, ba sai an jira ɗan kwangila daga ƙetare ba.

Sai dai abin da ake shigarwa a DHIS2 galibi jimlar wata-wata ce: nawa aka haifa, nawa zazzaɓi ya kama. Ba ya bin mutum guda daga wannan asibiti zuwa wancan. Manhajar yin haka ma akwai ta, irin su OpenMRS da aka fara a 2004 don asibitocin Eldoret ta Kenya, wadda a kanta aka gina NMRS na masu jinyar ƙanjamau a Nijeriya. Abin takaici shi ne yawancin irin waɗannan rumbuna da kuɗin masu ba da agaji aka kafa su, kowa da nasa. Da Amurka ta janye agaji mai yawa a 2025 ta kuma rufe hukumarta ta USAID, ai kowa ya ga hatsarin ajiye tsaba a rumbun maƙwabci.

Kada kuma a ɗauka kwasar abu ne mai sauƙi. Mutum guda an rubuta shi Muhammadu a nan, Mohammed a can, Modu a wani wuri, kuma da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba. In aka raba mutum guda gida uku an yi ɓarna, in kuwa aka haɗe mutum biyu a kati ɗaya ana iya ƙara wa wani jinin da ba nasa ba. Saboda haka tilas ne a sa tsofaffin akawunan ɗakin kati cikin aikin, su da suka san rubutun kowane likita, kuma kada a kashe tsohon rumbu sai an gwada sabon an ga lissafi ya yi daidai. Garin da ya yi watanni babu lantarki a 2021, bayan an fasa turakun wuta, yana bukatar tsarin da zai yi aiki ko babu intanet, ya aika bayanai idan ta dawo.

Buɗe manhaja kuwa ba buɗe sirrin majiyyaci ba ne. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan asibiti kamar yadda ta hau kan banki. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Barno ta ware wa wannan aiki kuɗinsa a kasafin shekara, ta ajiye kwafin bayanan a wajen Maiduguri, ta kuma nemi Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ɗora wa jihohi fasali guda, yadda likita a Ikko zai iya karanta katin da aka buɗe a Barno da izinin mai shi.