Kafin ka ce ta yi lalaci, an auna jininta?

Malamin wasanni, da kai nake. Yarinyar da ta tsere wa kowa a filin makaranta a Yelwa cikin hunturu, in bazara ta kama sai ka gan ta a baya tana haki. Nan take ka yanke hukunci: lalaci ne, ko samari sun ɗauke mata hankali. Wannan hukunci zalunci ne.

A Kanada da Amurka, inda mata ke wasan hoki a kan ƙanƙara, wasan da ya shiga gasar Olamfik a 1998, manyan ƙungiyoyi kan auna gudu da tsalle da ƙarfin ƙafa tun kafin a fara kakar wasa, su sake aunawa a tsakiya. Sun san yawan wasa da ƙarancin hutu na zaizaye ƙarfi a hankali. Su ke nan da ke wasa cikin sanyi, ga abinci, ga likita.

To, ina ga 'yar Ngaski ko Shanga? A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, gumi ya kwashe mata ruwa da gishiri. Kowane wata haila na ɗibar jininta. Shi ya sa macen da ke haila take bukatar kimanin miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, namiji kuwa 8. Idan a bakin tafkin Kainji take wanki da iyo, ga tsargiya, wadda ke zubar da jini a fitsari, kuma kunya ba za ta bar yarinya ta faɗa maka ba. Damina ta zo da zazzaɓin cizon sauro, shi ma ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Su ne kuwa ke kai iska ga tsoka. Da me kake so ta yi gudun?

Amma maganinka ɗaya ne: ƙarin zagaye goma cikin rana tsaka!

Ka mayar da atisaye sanyin safiya ko bayan La'asar, da ruwa a gefe. Ka rubuta lokacin gudunta kowane wata. In ya ja baya, ka sa iyayenta su kai ta asibiti a auna jini da fitsari. Tsargiya na da magani, praziquantel. A ba ta kifi da hanta da wake da zogale, a daina haɗa mata shayi da abinci, domin yana hana jiki tsotse ƙarfen.