Ɗan Koyo A Filin Tseren Mota: Mu Dai Mun Ce A Bar Shi Ya Shiga

Wannan makon za mu ɗan yi nisan kiwo, mu leƙa Amurka, filin wani wasan mota da ake kira otokuros. Tambayar da muka kawo ita ce: ya dace mutumin da bai daɗe da karɓar lasisi ba, wanda har yanzu tafin hannunsa ke gumi a kan sitiyari, ya ɗauki motar da yake zuwa aiki da ita ya shiga gasar gudu? Da jin haka, da yawa daga cikinmu za su ce wannan ai ganganci ne. Mu kuwa mun ce a bar shi ya shiga, kuma za mu faɗi dalili, har da inda dalilin namu ke ɗingishi.

Kalmar tsere ce ke tsorata mutane, domin tana kawo hoton motoci ashirin suna gogayya da juna a kan kwana. Otokuros ba haka yake ba. Ana samun fili mai faɗi da aka shimfiɗa wa kwalta ko kankare, galibi wurin ajiye motoci na babban filin wasa ko tsohon filin jirgin sama, sai a jera robobin nan masu ruwan lemo, masu kama da mazurari a kife, irin waɗanda jami'an kiyaye haɗurra ke sa wa a titi. Da su ake zana hanya mai yawan kwana da lanƙwasa. Kowace mota ita kaɗai take bin hanyar, na'ura tana ƙirga lokacinta daga tashi zuwa ƙarewa. Zagaye ɗaya ba ya wuce kimanin minti guda. Yawancin tafiyar a giya ta biyu ake yin ta, kuma ana tsara hanyar ta yadda gudun motocin gida ba zai wuce wajen kilomita 100 a awa ba, wato abin da doka ta yarje wa ƙaramar mota a babban titinmu na Kaduna zuwa Abuja, wanda kowa ya san ana zarce shi kullum.

Ƙungiyar da ta fi shahara da shirya wasan ita ce SCCA, wadda aka kafa a 1944. Su suna kiran sa Solo, saboda kowa shi kaɗai yake gudunsa. Tun 1973 suke yin gasar ƙasa baki ɗaya, kuma yanzu a birnin Lincoln na jihar Nebraska ake yin ta duk watan Satumba, inda direbobi sama da dubu ke haɗuwa. (A Ingila in ka ce otokuros, tseren kan ciyawa ko turɓaya za a nuna maka. Irin wannan na robobi can sunansa otosolo, a Japan kuma jimkana. Mun faɗa ne don kada mai neman bidiyo ya rikice.)

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ranar ɗan koyo take tafiya. Da sassafe yake zuwa. Kafin ya taka totur ko sau ɗaya, sai ya kwashe duk wani tarkace da ke cikin motar, har shimfiɗar ƙafa ta gefen direba, don kada ta naɗe ta danne birki ko totur. Masu duba lafiyar mota su girgiza batir su ga ko a ɗaure yake, su jijjiga tayoyi su ji ko boris ya saki, su taka birki su ji ƙarfinsa. Hular kwano dole ce, kuma ƙungiyoyi da yawa na da ta aro ga wanda bai da ita. Daga nan kowa zai bi hanyar da ƙafa, tun daga gwanaye har sababbin shiga, domin ba a ba kowa damar gwaji da mota. Akan haɗa sababbi wuri guda, wani tsohon hannu ya zagaya da su yana nuna musu inda za su taka birki da inda za su saki. In ɗan koyo yana so, malami zai zauna a gefensa lokacin gudun.

Sai kuma dokar da muka fi ƙauna. Kowace roba an zana mata ɗan akwati a ƙasa da alli. Ka kayar da ita, ko ka fitar da ita daga akwatin, an ƙara maka sakan biyu. A wasan da ake raba na ɗaya da na biyu da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sakan biyu babbar asara ce. Ka ɓace hanya, ka tsallake wata ƙofa, zagayen gaba ɗaya ya tashi a banza. Kun ga ke nan kuskure yana da farashi, amma farashin nasa lamba ce a takarda. A titi kuwa kuskure iri ɗaya, wato shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfin taya, farashinsa turken lantarki ne, ko mai babur da ya fito neman abincin iyalinsa.

A nan ne hujjarmu take. Duk direba, komai natsuwarsa, akwai ranar da yaro zai faɗo masa titi, ko tirela ta ci birki a gabansa. A ranar ne mafi yawanmu muke fara sanin yadda motarmu take yi in an take birki har ƙasa. Wanda bai taɓa jin birkin ABS yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa ba, yakan tsorata ya ɗaga ƙafar, alhali karkarwar nan alama ce ta cewa birkin yana aikinsa. Wanda bai taɓa jin gaban mota ya ƙi bin sitiyari ba, ƙara murɗawa yake yi, motar kuma ta ci gaba da tafiya miƙe, don maganin abin shi ne rage gudu da ɗan sassauta sitiyarin har tayoyin gaba su sake kama ƙasa. Taya ɗaya ce take birki, ita ce kuma take kwana, ƙarfin riƙonta kuma yana da iyaka: in ka cinye shi duka a birki, babu saura na kwana. Ana iya karanta wannan a littafi a haddace, amma ƙafa da hannu ba sa karatu. Sai sun ji a jikinsu, kuma gara su ji a filin da doka ta ce hanyar ta nisanci duk wani gini ko turke da aƙalla ƙafa 25.

Darasi na biyu na ido ne. Sabon shiga yakan kafa idonsa a kan robar da ke gaban hancin motarsa, shi ya sa filin yake zame masa kamar an watsa robobi barkatai, ya rasa gabas ya rasa yamma. Gwanaye kuwa suna kallon kwana ta gaba tun ba su gama da wadda suke ciki ba. Mota tana bin inda ido ya kalla. Wanda ya saba ɗaga kai haka, in ya koma titi zai hango cunkoso tun daga nesa.

To amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Akwai magana mai nauyi da ke gaba da ra'ayinmu, kuma ba daga matsorata ta fito ba. A 1974 wasu masu bincike biyu a Amurka, Allan Williams da Brian O'Neill, sun duba tarihin tuƙin direbobin tsere masu lasisin gasa na wannan ƙungiya ta SCCA, suka gwada shi da na direbobi gama-gari. Abin da suka samu ya ba mutane mamaki: gwanayen tseren sun fi yawan haɗari a titi, sun kuma fi yawan laifin gudun wuce sa'a. A ƙasar Norway ma an taɓa wajabta wa sababbin direbobi darasin tuƙi a kan hanya mai santsi, daga baya bincike ya nuna haɗurran samari maza a irin wannan hanya ƙaruwa suka yi. Bayanin da masana suka bayar mai sauƙi ne. Ɗan abin da yaro ya koya a yini ɗaya kaɗan ne, amma yardar da ya yi da kansa ta ninka, sai ya riƙa shiga abin da a da zai kauce masa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Ba za mu share wannan ba. Duk wanda ya ce maka zuwa otokuros sau ɗaya ko biyu zai mai da kai direban da ba ya haɗari, tallar magani yake yi maka. Abin da za mu ce shi ne, waɗancan direbobi na 1974 masu tseren gogayya ne da suka yi nisa a harkar, kuma wataƙila son gudun ne ya kai su can tun asali. Shi kuwa ɗan koyon otokuros, abu na farko da filin ke yi masa shi ne karya masa girman kai. Agogo ba ya jin kunyar kowa. Saurayi zai zo da mota mai ƙarfin doki ɗari huɗu, yana jin babu kamarsa a unguwa, sai dattijo mai furfura a cikin tsohuwar Mazda Miata, ko wata mata a Honda Civic, su ba shi ratar sakanni da yawa, a manna sakamakon kowa ya gani. Duk ihun taya da hayaƙin da yake taƙama da su, a nan zai gane ɓata lokaci ne, domin motar da ke zamewa gefe ba gaba take yi ba. Wanda ya fi kowa sauri a filin, in ka kalle shi daga waje, kamar ba ya wani ƙoƙari.

Akwai kuma abin da ake kira aikin fili, wanda a ganinmu ya fi gudun kansa tarbiyya. Babu ma'aikatan haya. Ana raba mahalarta rukuni-rukuni, in wasu suna gudu, wasu suna tsaye a rana ko ruwan sama da jar tuta a hannu, suna rugawa su tayar da robobin da aka kayar, suna sanar da lambar motar da ta yi laifi. Wanda ya gudu bai yi aikinsa ba, ana iya soke masa sakamakonsa. Mai Porsche da mai tsohuwar Corolla duk layi ɗaya. Mutum zai shafe yini cur a filin, amma in aka haɗa zagaye huɗu ko shida da ya samu, tuƙin nasa duka bai fi minti biyar ko shida ba. Masu sukar wasan suna kafa hujja da wannan, suna cewa wahalar ta fi romon yawa. Mu kuma muna ganin duk saurayin da zai iya jure tsayuwar awanni yana ɗaukar wa wasu roba don minti biyar na gudu, ya riga ya koyi haƙurin da titi ke nema.

Batun kuɗi ba sai mun ja shi ba. Kuɗin shiga 'yan gomomin daloli ne, tayoyi da birki suna cinyewa da wuri, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa biyan ɓarnar da ta faru a gasar da ake ƙirga lokaci. Haɗari yana da wuya a wasan, amma yakan faru, shi ya sa kowa ke sa hannu a takardar ɗaukar alhakin kansa. Wanda motar ba tasa ba ce, ko ita kaɗai ce abin dogaron gidansu, ya yi tunani sau biyu.

Me ya kawo wannan zance zaurenmu? Ai mun san wasan mota. Mun san yadda ake yi ranar ɗaurin aure ko ranar kammala makaranta a manyan garuruwanmu: samari su tare titi ko shataletale, a ja birkin hannu, mota ta riƙa juyi, abokai sun fito da rabin jikinsu ta taga, yara sun kewaye suna tafi a taku kaɗan daga tayar. Babu hular kwano, babu wanda ya duba ko notin taya a ɗaure yake. Hukumomi sukan hana, a kama wasu, a lafa na ɗan lokaci, a dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun masu juyin da masu tafin.

Sha'awar gudu ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun san da ita, shi ya sa doki yake da filin sukuwa, da ranarsa, da masu tsawatarwa. Mota ce ta zo ba mu yanka mata nata filin ba. Abin da otokuros ke buƙata kuwa bai fi ƙarfinmu ba: fili mai kwalta da za a killace da izinin hukuma, robobi, alli, agogo, hular kwano, bakanike mai gaskiya da zai iya ce wa ɗan mai kuɗi motarka ba za ta shiga ba, da igiyar da za ta tsayar da 'yan kallo nesa.

Mun san za a ce masu wasan mota ba agogo suke nema ba, idon jama'a suke nema, kuma akwai gaskiya a ciki. Wasu ba za su taɓa zuwa inda za a auna su a ga iyakarsu ba. Amma a cikinsu akwai waɗanda da gaske motar suke so, suna son sanin abin da za ta iya, kuma yau ba su da wurin tambaya sai titin unguwa. Akwai kuma ƙanwarmu da ta karɓi lasisi bara, wadda ba ruwanta da burga, take so kawai ta taka birki da ƙarfi sau ɗaya a inda babu wanda za ta buge. Saboda waɗannan biyun muke magana. Abin da ya rage mu ji daga gare ku a ƙasa shi ne, a garinku wane fili ne zai iya ɗaukar wannan, kuma wa kuke ganin zai yarda ya fara tsayuwa a rana yana tayar wa wasu roba?