Cutar Parkinson: A ceto muryar majinyata tun da wuri

Da an ambaci cutar Parkinson, karkarwar hannu ake fara tunawa. Amma akwai abin da take ƙwacewa sannu a hankali: murya. Dattijon da ke raba gardama a gida sai muryarsa ta dushe, kalmominsa su harɗe. Iyali su gaji da cewa "Baba, me ka ce?", a ƙarshe a daina tambayarsa, a ce tsufa ne.

Ba tsufa ba ne. Cutar tana kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamin, sai motsin tsokokin numfashi, maƙogwaro da leɓe ya ragu. Shi kuwa majinyacin ji yake da ƙarfi yake magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Maganin levodopa kan rage karkarwa, amma sau da yawa ba ya dawo da murya. Horo ake buƙata. A tsarin LSVT LOUD na Amurka, zama 16 ake yi cikin mako huɗu, ana koya wa majinyaci ɗaga murya har ya saba. Masu horon kan duba haɗiya ma, domin abincin da ya kauce zuwa huhu kan jawo ciwo mai kisa.

Ƙwararrun gyaran magana sun yi ƙaranci a Najeriya. Wajibi ne gwamnatoci su horar da su, su ɗauke su aiki, likitoci kuma su tura musu majinyata da wuri. Iyali kuwa su kashe talabijin, su fuskanci Baba, su bar shi ya ƙarasa maganarsa.