Ta Jamus ko ta Amurka, wacce ta fi?

 A makon jiya musu ya kaure mana a ɗakin kwanan ɗalibai bayan sallar isha'i, har tuwo ya huce a kwano ba a sani ba. Wasunmu sun ce a motocin alfarma masu ƙofa huɗu babu kamar na Jamus, wato Marsandi da BMW da Audi. Wasu kuma suka kafe a kan Cadillac da Lincoln na Amurka, hujjarsu ita ce shugaban Amurka ma Cadillac yake shiga. Mun san ku ma kuna irin wannan gardama a aji, shi ya sa muka kawo ta filinmu na yau.

Duka ɓangarorin biyu tsofaffin hannu ne. A 1886 Karl Benz na Jamus ya yi rajistar motarsa mai amfani da fetur, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko. An kafa Cadillac a birnin Detroit a 1902, kuma a 1912 ya kawo tada mota da lantarki, aka huta da juya ƙarfe da hannu. Marsandi kuwa a 1978 ya sa wa ƙirar S-Class birkin ABS, mai hana taya ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi.

To daga ina bambancin ya fito? Daga hanya. A Jamus akwai manyan tituna da ake kira Autobahn, kuma a wasu sassansu doka ba ta ƙayyade gudu ba, shawara kawai ake bayarwa a tsaya a kilomita 130 a awa. Ku tuna darasin fiziks: idan gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin da ke tafe da mota ninkuwa yake yi sau huɗu. Birkin da zai tsayar da mai gudun kilomita 200 sai ya yi aiki ninki huɗu na mai gudun 100. Dole ke nan Bajamushe ya ƙera birki mai jure zafi, da sitiyari mai jin magana, da sifirin mai ɗan tauri don mota ta kama ƙasa a kwana.

Amurka kuwa ƙasa ce mai faɗi, hanyoyinta dogaye ne miƙaƙƙu, fetur ya fi araha a kan na Jamus. A 1974 ma gwamnati ta hana wuce mil 55 a awa, kimanin kilomita 89. Wanda zai wuni a hanya bisa wannan gudu, me yake bukata? Kujera mai laushi, fili ya miƙe ƙafa, da shiru a ciki. Haka tsofaffin Cadillac da Lincoln Town Car suke, zungurarru, ka ce a falo kake zaune.

Yau labari ya ɗan sauya. Cadillac kan kai motocinsa filin tseren Nürburgring na Jamus don gwaji, Lincoln kuwa ya daina ƙera Continental a 2020, domin Amurkawa sun koma kan manyan jif-jif.

Ga hukuncinmu, ko da wasu abokanmu za su yi fushi: in gudu da riƙe hanya ake magana, na Jamus ne a gaba. A nan gida ma sun fi sauƙin riƙo, tunda bakaniken Marsandi da kayan gyaranta sun fi na Cadillac samuwa. Amma fa an gina su ne don titi mai santsi, marar rami, marar akuya. Wanda ya ari motar gida ya ce zai gwada gudun Autobahn a hanyar garinsu, da ransa yake wasa, da na mutane.

Mu dai a ɗakinmu babu mai ko keke, sai baki. Duk da haka musun ya tuna mana cewa injiniyan da ya zana birkin nan da lissafi irin na ajinku ya fara. Ga aikin gida: idan gudu ya tashi daga kilomita 40 zuwa 120, sau nawa aikin birki zai ninku? Ku aiko mana da amsa, tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.