Rawanin kwana casa'in

Da wuya malaman lakwal ko shugabannin ƙungiyoyin al'adu su yi taro a jihar Maraɗi a ƴan shekarun nan, a tashi ba a tsine wa wayar salula ba. Ƙarar ɗaya ce kullum: yara sun bar karatu, sun bar gona, sun bar gaida manya, sun duƙufa kan wasannin yaƙi na intanet suna kiran juna da sunayen da ba a raɗa musu ba. Ban zo wanke wayar ba. Sai dai ina ganin masu ƙarar sun sauƙaƙa wa kansu aiki ƙwarai, domin sun tsaya ga harbe-harben da ke kan allo, ba su tambayi abin da ke riƙe yaro a wurin har asuba ba. Da sun tambaya, da sun ji amsar da ba za ta yi musu daɗi ba, don kuwa mu take nunawa da yatsa.

Bari mu fara da yadda abin yake, tunda yawancin masu sukar ba su taɓa leƙawa ba. A shekarar 2004 kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da wasan World of Warcraft, inda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta kwamfuta, kowa da siffar da ya zaɓa. A cikin wannan duniya akwai dodannin da mutum ɗaya ba ya iya kashewa, komai gwanintarsa. A farkon wasan sai an tara mutum 40 a lokaci guda kafin a kai wa irin wannan dodo hari, kuma kowane ɗayansu da aikinsa. Akwai mai garkuwa, wanda ke shiga gaba ya jawo fushin dodo a kansa domin sauran su tsira. Akwai masu magani, waɗanda ke tsaye a baya suna warkar da wanda ya ji rauni, ba su sara, ba su suka. Sauran su ne maharba da masu sara. Wanda ya san tarihin yaƙi a ƙasar Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka ƴan lifidi ke tare kibau a gaba, ƴan baka na harbi daga gefe. In mai magani ɗaya ya yi gyangyaɗi, mutum 39 ne za su faɗi tare da shi, a koma farko.

Saboda haka ne masu wasan suka kafa rundunoni na dindindin, masu muƙamai hawa-hawa. A sama akwai shugaban runduna. Ƙarƙashinsa akwai ƴan majalisa, kuma ba a zama ɗan majalisa sai da aiki a hannu: wannan shi ke ɗaukar sabbin mutane, wancan shi ke riƙe da rumbun runduna, wani shi ke sulhu idan rai ya ɓaci. Akwai jagoran hari, wanda ranar fita ko shugaba sai ya yi shiru ya bi umurninsa. Sai cikakkun mayaƙa, sai ɗan gwaji, wanda zai yi makonni ana duban zuwansa da halinsa kafin a ce ya zama ɗan gida. Abin da aka shigar rumbu da abin da aka fitar, duk a rubuce suke, da sunan mai hannu a ciki. Rabon ganima kuwa, wanda shi ne ke raba zumunci a ko'ina, tun a 1999 wata runduna a wasan EverQuest ta samo masa dabara: duk wanda ya halarci hari ana rubuta masa maki, idan kaya mai daraja ya faɗo sai wanda ya tara maki ya saya da makinsa. Ɗan shugaba ba shi da rabo in bai zo ba.

Na san za a ce wannan labarin Turai da Amurka ne. Gaskiya ne World of Warcraft na son kwamfuta mai ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da kuɗin wata-wata, abubuwan da ba kowane gida ke da su ba a Madarunfa ko Ɗan Isa ko Jiratawa. Abin da ya iso mana ƙannensa ne na waya, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Clash of Clans, kuma sun zo da tsarin iyayensu. A Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, runduna ba ta wuce mutum 50, muƙamai huɗu ne kacal: shugaba, mataimaki, dattijo, ɗan ƙungiya. A gefen sunan kowa an rubuta yawan taimakon da ya ba ƴan'uwa da yawan wanda ya karɓa, kowa na gani. Sannan ga dokar da ta sa na ɗauki alƙalami: shugaban da ya ɓace kwana 90 bai leƙo ba, wasan da kansa zai cire masa rawani ya naɗa wa wani. Ba taron gaggawa, ba tura dattawa su roƙe shi, ba jiran ya dawo daga Yamai.

Ina roƙon mai karatu, in yana cikin wata ƙungiyar al'adu, ya ɗauki wannan doka ya gwada ta a kan buron ƙungiyarsu. Mutum nawa za su rage?

Abin da ya fi ciwo shi ne, ba wani ya kamata ya koya mana wannan ba, mu da muke zaune a kwarin Gulbin Maraɗi. Sarautar da Haɓen Katsina suka kafa a Maraɗi bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a 1807, sarauta ce ta mutanen da ke kwana da shirin yaƙi, kuma zamanin Ɗan Baskore, daga 1854 zuwa 1875, ya shahara da yawan kai hari kudu. Ban kawo wannan don in yabi ƙone gari ko kamun bayi ba. Wanda aka kama kakansa ba zai ji daɗin kirarin ba, kuma yana da gaskiya. Na kawo shi ne domin a tuna cewa a wancan lokaci sunan sarauta sunan aiki ne. Kaura shi ke jan dakaru, in ya ji tsoro kowa ya gani. Shi da Galadima da Ƴandaka da Durbi su ke zaɓen sarki, wato akwai mutum huɗu da sarki ya san ba a raina su. Iya, mace, tana da nata iko a kan mata da ƴan bori. Can ƙasa kuma, a ƙauye, Sarkin Noma sai ya nuna damman da ya tara, Sarkin Ruwa a bakin tafki irin na Madarunfa sai ya san ruwan da abin da ke cikinsa, domin ranar da wani ya nutse shi za a kira, kuma ba da baki ake tsamo mutum ba.

Kai, har wasan kwaikwayon muƙami ma namu ne tun kafin a ƙera kwamfuta. Mene ne wasan kara? Bayan an kawar da amfanin gona, samari su naɗa sarkinsu, su naɗa masa fadawa, su yi dawaki da bindigogi na kara, kowa ya ɗauki matsayin wani babba ya riƙe shi da gaske har a watse. Da Nasara ya zo, aka shigar da kumandan da likita da jandarma cikin wasan. Bayan samun mulkin kai aka shigar da shugaban ƙasa da ministocinsa, kamar yadda aka san shi a Damagaram, inda Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a fim a 1980. Wanda aka ba alƙalanci sai ya yi shari'a, wanda aka ba ajiya sai ya kawo lissafi, wanda aka ba saukar baƙi sai ya nemo musu tabarma da tuwo. Dawakin na kara ne, amma kunyar wanda ya kasa ta gaske ce. Haka samariya ta gargajiya take, da Sarkin Samarinta da Magajiyarta: su ke kiran gayya, su ke cin tarar wanda ya noƙe, kuma yaro ɗan shekara goma sha bakwai na iya samun aikin da gari duka zai tambaye shi a kansa.

To ina abin ya tafi? Masu son ɗora wa waya laifi su dubi shekaru. Seyni Kunce, bayan ya karɓi mulki a 1974, ya ɗauko samariya ya mai da ita hannun gwamnati. An yi aiki, ba a musu: an gina azuzuwa, an dasa itatuwa, an fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, kuma ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Hausa sun yi tashen da ba su sake yi ba. Amma a nan ne kuma Sarkin Samari ya fara duban sama maimakon duban samarinsa, ya zama mai tara jama'a su tarbi baƙon gwamnati a rana, sau da yawa ma mutum ne da furfura ta riga ta kama. Da aka kafa jam'iyyar MNSD a 1989, aka zo Babban Taron Ƙasa a 1991, sai samariya ta tafi da ƙaurin tsohon mulki a jikinta, ba wanda ya tsaya ya raba tsaba da tsakuwa. Duk wannan ya faru ne kafin wani yaro a Madarunfa ya taɓa riƙe salula. Samarin da aka bari ba gayya ba aikin yi, su ne suka kafa fada a bakin titi suna dafa shayi, kuma abin lura, ko a fadar ma sai da suka naɗa shugaba da ma'aji da mai shayi. Ba su daina son muƙami mai nauyi ba. Mu ne muka daina ba su.

Dubi ƙungiyoyinmu na yau. Shugaba, mataimaki na ɗaya, na biyu, na uku. Magatakarda da mataimakinsa. Mai kula da hulɗa da waje, alhali ƙungiyar ba ta da wajen da take hulɗa da shi. Shugabannin girmamawa guda biyar, waɗanda aikinsu kawai a ambaci sunansu kafin a buɗe taro da addu'a. An yi zaɓe sau ɗaya, ranar da ake neman takardar izini, daga nan shiru. Littafin asusu yana gidan ma'aji, tambayarsa kuma rashin kunya ce. Idan takardar gayyata ta zo daga wata ƙungiyar agaji, mai kuɗin zama da kuɗin mota, nan take za ka ga buro ya cika. Idan ranar share dandali ce, kowa na da suna ko jana'iza. Yaro kuwa aikinsa jera kujeru da ɗauko ruwa, sai rawa in baƙi sun zo. Shekara goma zai yi a haka ba a taɓa ce masa "riƙe wannan, kai za mu tambaya" ba. Da dare ya kunna waya, mutum 49 na jiran ya tsara musu yaƙin gobe, in ya yi kyau su yaba, in ya ɓata su sauke shi. Wane ne a cikinmu, yana ɗan shekara goma sha shida, zai zaɓi jera kujeru?

Akwai suka guda da nake girmamawa, kuma daga iyaye na fi jin ta. A gundumar Madarunfa kalmar hari ba ta wasa ba ce. Mutanen Gabi da ƙauyukan da ke gefen dajin Baban Rafi sun san harin da ake kora shanu da dare a tafi da mutum sai an biya fansa, kuma a 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo jihar Maraɗi saboda shi. Uban da ya ga ɗansa na murnar harbi a kan allo yana da dalilin jin zuciyarsa ta tsinke. Amma a bi maganar har ƙarshenta. Su ma mutanen daji suna da muƙamai, suna da kachallolinsu, suna da rabon ganima, kuma suna ba yaro aiki tun ranar da ya zo. Ke nan masu neman yaron nan uku ne: daji, waya, da mu. A cikin ukun, mu kaɗai ne muke ce masa ya dakata sai ya girma.

Wannan bai sa rundunar waya ta zama gidan zama ba. Ƙasar da suke yaƙi a kanta ta kamfani ce. A watan Janairu na 2023, da yarjejeniya ta ƙare tsakanin Blizzard da abokin cinikinsa NetEase, aka rufe World of Warcraft a ƙasar Sin, rundunonin da suka shekara goma sha suna tara kaya suka wayi gari ba ƙofar shiga, sai a 2024 aka sake buɗewa. A wasannin waya mai kuɗi na sayen ƙarfin da talaka zai yi watanni yana nema. Kuɗin intanet daga aljihun uwa yake fita. Ganimar ba ta shiga tukunya, ƴan mata kuma kusan ba su a ciki, alhali samariyar kakanninmu ta san Magajiya. Waɗannan duk gaskiya ne, ku faɗa wa yaran, amma ku faɗa bayan kun tanadi abin da za ku miƙa musu a madadi.

Abin da za a miƙa ɗin ba ya bukatar tallafin kowa. Kowace ƙungiya ta zauna ta rubuta, a gaban kowane muƙami, aikin da mai shi zai yi a wata. Muƙamin da aka rasa abin rubutawa a gabansa a soke shi, ko na wane ne. Littafin asusu ya bar gidan ma'aji, a karanta shi da ƙarfi a kowane taro. Kujerar zuwa taron bita mai kuɗin zama a ba wanda ya fi halartar aikin gayya, a bar duban girman hula. Malaman lakwal kuma, maimakon ƙwace waya a saka a aljihun tebur, su nemo yaron nan da ke jan runduna da dare, su ba shi tsarin wasan kara na ƙarshen shekara, da kuɗinsa da mutanensa, su gaya masa a gaban aji cewa shi za a tambaya. Dokar kwana casa'in kuwa a sa ta a taro mai zuwa, a fara karanta ta ga shugabannin girmamawa, in an samu sun zo.