Gurnanin Salansa: Kafin A Yanke Bututu, A Kawo Lamba



Akwai wata ƙarya da ta yi jijiya a tsakanin masu motocin tsere na alfarma, musamman a Amurka inda cinikin salansar kasuwa ya zama babbar sana'a. Wai duk motar da ta amsa sunan ta tsere, dole mai ita ya haƙura da gurnanin da ke cika masa kunne a doguwar hanya, domin shi ne ladan da ake biya kafin a sami murya mai daɗi. Mai sayarwa ya faɗa, bakanike ya maimaita, mai motar da ya riga ya zubar da dubban daloli ya gyaɗa kai don kada a ce an ci da guminsa. Ni ban yarda ba. Gurnani ciwo ne mai sanadi, yana da lambar da ake aunawa, kuma yana da magani. Duk wanda ya karɓi kuɗinka kafin ya gaya maka wannan lamba, canki-canka yake yi da aljihunka.

Mu fara raba abu biyu da ake cakuɗawa da gangan. Akwai ruri, wato muryar da mota ke saki idan an taka totur, ta tashi ta sauka tare da juyin inji. Wannan shi mutane ke so, kuma ban ga laifinsu ba. Sannan akwai gurnani, wani amo mai kauri da ba ya hawa ba ya sauka. Yakan zo ne lokacin da kake tafiya a gudu ɗaya a giya ta sama, galibi inji na juyi tsakanin 1,500 da 2,500 a minti. Na waje ba ya jin sa sosai. Na ciki ne ke shan wahala: kunne ya toshe, kai ya yi nauyi, hira da na gefe ta gagara, bayan awa biyu ka sauka kamar wanda ya kwana a gidan injin niƙa. Mai sayar da salansa yana tallata maka ruri a bidiyo na sakan talatin, gurnanin kuwa sai ka kama hanya za ku gaisa.

Daga ina yake fitowa? A injin mota, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a duk juyi biyu, kuma kowace kamawa tana tura dunƙulen hayaƙi cikin bututu. Lissafin ba ya buƙatar digiri: ka ninka juyin inji da yawan silinda, ka raba da 120, ka sami yawan bugu a sakan ɗaya, abin da na'ura ke rubutawa da Hz. Inji mai silinda 8 a juyi 1,800 yana bugu 120 a sakan. Mai silinda 6 sai ya kai juyi 2,400 yake ba da wannan adadi. To shi bututu yana da muryar da tsawonsa ya ba shi, yadda kakaki ya fi sarewa kaurin murya. Ɗakin mota ma akwati ne cike da iska, yana da tasa muryar. Ranar da bugun inji ya dace da muryar bututu da ta ɗaki, sai su haɗa baki, motar ta zama ganga kai kuma kana zaune a cikinta.

Mu ɗauki misali ɗaya da ya tona asirin masu canke. Chevrolet Corvette Stingray, samfurin da aka fara sayarwa a matsayin na 2014, wanda aka haɗa a Bowling Green ta jihar Kentaki, tana da inji mai silinda 8 da girman lita 6.2. Don tsimin mai, idan tana tafiya ba nauyi sai kwamfutarta ta kashe silinda 4, ta ci gaba da sauran. Ku yi lissafin da kanku: a juyi 1,500, bugu 100 a sakan ya koma 50 nan take. Wannan amo ne mai kaurin da ƙirji ke ji kafin kunne. Injiniyoyin kamfanin sun san da haka, shi ya sa suka sa bawul na musamman a bututun hayaƙi, wanda ke tsuke hanya duk lokacin da injin ya koma silinda 4. Sai mai mota ya zo ya cire salansar kamfani gaba ɗaya har da bawul ɗin, ya ɗaura ta kasuwa mai faɗin bututu, sannan ya dawo yana kukan motarsa na gurnani. Fitilar gargaɗin inji ma takan kama, har aka ƙirƙiro wata 'yar na'urar da aikinta kawai ta yaudari kwamfutar cewa bawul na nan. Fitila ta mutu, gurnani yana nan daram.

Kuma me ya samu? Kamfanin da kansa ya riƙa sayar da wannan mota da salansa mai buɗewa da rufewa ga mai son ƙarin murya. Ƙarfin injin da salansar yau da kullum doki 455 ne, da waccan kuma 460. Doki biyar. Wanda ya ce maka sauya tukunyar baya kaɗai zai mai da motarka wata dabba daban, ƙara yake sayar maka da sunan ƙarfi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Yanzu ga abin da ya fi ɓata mini rai: yadda ake magani ba a duba majiyyaci ba. Ba kowane amo mai kauri ne daga salansa yake ba. Boris ɗin taya da ya fara cinyewa yana yin sa. Taya da ta ci gefe ɗaya tana yin sa. Robar da ke rataye salansa idan ta tsinke, bututu ya jingina da jikin mota, duk kaɗawar inji sai ta shigo ɗaki kai tsaye. Kwanon tare zafi da ya saki ƙusa ma yana da tasa waƙar. Gwajin da ke raba su kyauta ne. A hanyar da ba cunkoso, ka riƙe gudun da amon ke fitowa, ka sauko da giya ɗaya ba tare da ka sauya gudu ba. In amon ya sauya ko ya ɓace, yana bin juyin inji ne, a duba inji da salansa. In ya tsaya yadda yake, yana bin gudun mota ne, a duba taya da boris da abin da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Mutumin da ya sayi sabuwar salansa alhali boris ne ke kuka, ya yi asarar kuɗi, ya kuma ci gaba da gudu a kan tayar da za ta iya ba shi kunya a tsakiyar hanya. Haka in bututu ya tsage ko mahaɗa ta saki, maganar ta wuce ta kunne, domin hayaƙin inji yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke iya kwantar da direba yana riƙe da sitiyari.

In an tabbatar salansa ce, sai a nemo lambar. Wayar da ke aljihunka ta isa: akwai manhajoji da ke nuna ƙarfin kowane amo a zane. Wani ya tuƙa, kai ka zauna a gefe, ku shiga gudun da gurnanin ya fi tsanani, ka rubuta lambar da ta yi tsini a zanen tare da juyin inji a lokacin. Ka kwatanta da lissafin da muka yi a sama. In sun dace, ka kama ɓarawon da kaya a hannu.

Da lambar a hannu za ka gane dalilin da magungunan gama-gari ke faɗuwa. Za a ce maka ka shimfiɗa tabarmar hana ƙara a ƙasan mota da but. Tana rage kaɗawar ƙarfen jiki, gaskiya ne, amma igiyar sauti mai bugu 100 a sakan tsawonta ya haura mita 3, soso mai kaurin yatsa ba zai tare ta ba. Ka ƙara wa motar tsere nauyi, ka rage ciwon kaɗan. Za a ce ka ƙara tukunya mai cushe da zaren gilashi. Ita siririyar ƙara take sha, mai kaurin ta wuce ta cikinta ko gaisuwa babu. Wani ma rediyo zai ce ka ƙure. Wannan ai ɗora kaya ne a kan kaya.

Maganin gaskiya ya girmi motar kanta. Masanin nan na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi bayaninsa a littafinsa kan sauti na 1863, kuma duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalba ya san shi a aikace: kwalba tana da amo ɗaya, in ka zuba ruwa amon ya sirance. In aka haɗa rufaffiyar tukunya mai ɗan wuya a gefen bututun hayaƙi, aka daidaita girmanta da lambar gurnanin, sai ta riƙa kama wannan amon kaɗai ta bar sauran. Hanya ta biyu ita ce a yi walda da reshen bututu mai toshiyar ƙarshe, tsawonsa kwata na tsawon igiyar sautin. Sautin ya shiga, ya bugi ƙarshe, ya dawo daidai lokacin da zai yi karo da na bayansa, su kashe juna. Ga bugu 120, a iskar da ba zafi inda sauti ke gudun mita 343 a sakan, reshen zai kai kimanin santimita 71. Amma hayaƙi da zafi yake, sauti kuma ya fi gudu a zafi, don haka in iskar cikin reshen ta kai digiri 100 tsawon ya tashi zuwa wajen santimita 81. Shi ya sa gwanin gaske yake yin reshen da ƙarshe mai zamewa, ya gwada a hanya, sannan ya yi waldar ƙarshe. Hayaƙi ba ya bi ta cikin reshen, saboda haka ba ya shaƙe inji, ruri kuma yana nan.

Lissafin nan ne kuma ke nuna inda dabara ta ƙare. Bugu 50 na waccan Corvette yana buƙatar reshe mai tsawon kusan mita 1.7, ina wurin sa shi a ƙarƙashin motar da ke shafar ƙasa? A nan hankali ya ce a bar bawul ɗin kamfani a wurinsa, a sauya abin da ke bayansa kawai, ko a sayi salansar da aka ƙera da nata bawul.

Na san abin da masu adawa za su ce. Za su ce salansar kamfani ma sulhu ce da dokokin hana ƙara, an danne muryar motar don a gamsar da hukuma. Akwai gaskiya a ciki, kuma mai mota yana da 'yancin neman muryar da yake so muddin bai hana maƙwabta barci ba. Amma wannan hujja ce ta neman ruri, ba ta wanke gurnani. Za su kuma ce za ka saba. Mutum yana sabawa da takalmin da ke cizon sa, sai dai ya saba da ɗingishi. Abin da ya sa kalmar nan ta "za ka saba" ke yawo shi ne ta fi awo arha ga mai sayarwa, ta kuma fi amsa kuskure sauƙi ga mai saye.

Yawancinmu ba za mu taɓa riƙe makullin Corvette ba, amma lissafin bai san tsadar mota ba. 'Yar ƙaramar mota mai silinda 4 da mai walda ya yanke mata tukunyar tsakiya ya maye da miƙaƙƙen bututu, a juyi 3,000 bugu 100 take yi, gurnaninta ɗan uwan na waccan ne. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, yankan bututu aikin minti goma ne, neman shirun da aka zubar kuwa yakan ci watanni da kuɗi. Don haka duk ranar da wani ya ɗauko zarto ko ya miƙo maka takardar farashi, ka tambaye shi abu biyu: a wane juyin inji, kuma bugu nawa a sakan? In ya fara kame-kame, ka tada motarka ka yi gaba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.