Fatima Ahmed Ibrahim da Masu Shayin Mayo

Jama'a, da yawanmu a Mayo ba mu taɓa tambayar inda unguwarmu ta samo sunanta ba. Daga juyin mulkin Ja'afar Numairi ne na 25 ga Mayu 1969. Gwamnatin nan ce kuma ta rataye mijin matar da nake so mu duba a wannan makon.

Fatima Ahmed Ibrahim ta yi sakandaren 'yan mata a Umdurman. A 1952 tana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan, a 1955 ta fara fitar da mujallar Sautul Mar'a, wato Muryar Mace. Bayan boren Oktoba 1964 mata suka sami 'yancin tsayawa zaɓe, ta tsaya a 1965 ta ci, ta zama mace ta farko a majalisar dokokin Sudan. Ku kwatanta: Italiya, duk da tsufanta a siyasa, sai a 1976 ta naɗa mace ta farko minista, Tina Anselmi.

Abin da ta yi faɗa a kai ba boyayye ba ne: albashi ɗaya ga mace da namiji in aikinsu ɗaya ne, hutun haihuwa, da hana 'yan sanda dawo da matar da ta yi yaji gidan miji ƙarfi da yaji. A Yulin 1971, bayan yunƙurin juyin mulkin Hashim al-Atta, aka rataye mijinta Shafi'u Ahmed al-Shaikh, shugaban ƙungiyar ƙwadago, ita kuma aka yi mata ɗaurin talala a gida. Ta fita London a 1990, ta dawo a 2005, ta rasu a London ran 12 ga Agusta 2017, aka kawo gawarta gida. Na san wasu za su ce ai 'yar kwaminis ce. Haka ne. Amma 'yarka malamar makaranta da ke karɓar albashi daidai da na namiji, guminta take ci.

Inda nake da magana shi ne, wannan nasara ta tsaya ne kan masu albashi. Matanmu fa? Mai shayi a bakin titi, mai tuyar ƙosai, mai sayar da gyaɗa, wa ya taɓa ba ta hutun haihuwa? Ita abin da ta sani shi ne kasha, ranar da 'yan hukuma za su zo su kwashe mata kujeru da butoci, sai ta biya tara kafin ta karɓo su.

Wadda ta ɗauki wannan ɓangaren ita ce Awadiya Mahmud Koko, mai shayi ce ita kanta. Ta haɗa masu shayi da masu abinci na Khartum cikin ƙungiyar haɗin gwiwa tun wajen 1990, ta ma sha zaman kurkuku kan bashin ƙungiyar, kafin Amurka ta karrama ta a 2016. Matanmu ba baƙin adashi ba ne. Abin da Awadiya ta ƙara a kai shi ne rajista da lauyoyi, yadda in an kwashe kayan mace ɗaya, ƙungiya ce za ta je ofis ta nemo su.